Robar mahaifa mai jan ƙarfe da ƙarnin da ya ƙi tafiya: nazarin lamarin wata mai shekara 32

Matar da wannan nazari ya shafa shekararta 32, tana da 'ya'ya uku, dukkansu ta haife su da kanta ba tare da tiyata ba. An sakaya sunanta da duk abin da zai sa a gane ta. Wata bakwai bayan haihuwar ƙaramin ta nemi hanyar tazarar haihuwa wadda ba ruwanta da homon, domin ta taɓa yin allurar wata uku, ta ce ta sa mata ƙiba ta kuma rikita mata al'ada. Aka saka mata robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ake kira Copper T 380A. 'Yar ƙaramar roba ce mai siffar harafin T, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, an naɗe ta da siririn jan ƙarfe, tana kuma da zare biyu da ke leƙowa ta bakin mahaifa don a iya dubawa da cirewa. Tana aiki shekara goma har sama, kuma cikin mata 100 da ke ɗauke da ita ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke yin ciki a shekarar farko.

Bayan wata biyar ta dawo, kuma ba shawara ta zo nema ba, ta riga ta yanke hukunci. “Likita, a cire min abin nan kawai. Tunda aka saka shi ban sake jin kaina daidai ba.”

Kokenta uku ne. Farin ruwa tsararo da ke jiƙa mata wando, mai ƙarni irin na kifi, wanda ke ƙara tashi bayan saduwa da maigidanta da kuma bayan ɗaukewar al'ada. Sai al'adar kanta, wadda a da kwana biyar take yi, yanzu ta koma takwas, da ɗigo-ɗigo a tsakanin wata. Na ukun tsoro ne, kuma shi ya fi nauyi: wata ƙawarta ta gaya mata robar na ruɓar da mahaifa, tana toshe bututun ƙwai, in ta ƙara jinkiri ita da haihuwa har abada. Kafin ta zo ta riga ta yi matsin maganin ƙaiƙayi sau biyu da kanta, ta sha wasu ƙwayoyi da ba ta riƙe sunansu ba, sannan ta shiga wanke cikin gabanta da sabulu safe da yamma don kashe warin.

Abin da awo ya nuna

Ba zazzaɓi. Da aka danna mararta ba ta ji zafi ba, haka da aka motsa bakin mahaifa da yatsa yayin awon ciki, ba ta ko yamutsa fuska ba. Wannan gwaji na hannu, duk da sauƙinsa, shi ne ke raba ciwon da ya tsaya a farji da wanda ya hau sama ya kama mahaifa da bututun ƙwai. Da aka buɗe aka duba, zaren robar na nan a wurinsa, bakin mahaifa ba ja ba kumburi, ba ruwan mugunya. Bangon farji kuwa ya shafe da wani ruwa mai launin toka-toka, tsararo, ba mai dunƙulewa ba.

An ɗiga ruwan a takardar awon tsami, ta nuna pH 5.5, alhali lafiyayyen farjin mace mai al'ada ba ya wuce 4.5; duk lokacin da lambar ta hau, tsamin ne ya ragu. An zuba masa ɗigon sinadarin KOH, nan take ƙarnin ya bugi hanci. A ƙarƙashin madubin awo an ga ƙwayoyin fatar farji sun lulluɓe da ƙananan bakteriya har gefensu ya dushe, ba a iya ganin iyakarsu. Alamomi huɗu ke nan da wani mai bincike, Amsel, da abokan aikinsa suka tsara a 1983 don gane rikicewar bakteriyar farji, uku daga ciki sun isa a yanke hukunci, ita kuwa ta cika huɗun. Ƙidayar Nugent, wadda ake yi bayan an rina samfurin, ta ba da 8 cikin 10. Daga 7 zuwa sama an shiga ciwon. Ba a ga kandida ba, ba a ga tirikomonas ba, wasu ƙwayoyin da su ma ke sa zubar ruwa a farji. Gwajin gonoriya da kilamidiya, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, bai nuna komai ba, gwajin ciki ma haka. Awon jini ya nuna himogulobin 10.8, wato jininta ya ɗan yi ƙasa.

Abin da ke damunta shi ne rikicewar bakteriyar farji, ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da BV. Matsin da ta yi ta yi na kandida ne, ciwon da ke zuwa da ƙaiƙayi da farin abu mai kauri, don haka bai taɓa inda ke mata ciwo ba.

Mazauna wurin

Farji ba wuri ne marar ƙwayoyin halitta ba, kuma ba a so ya zama haka. Tun 1892 wani likitan Jamus, Albert Döderlein, ya bayyana wasu dogayen bakteriya da ya riƙa gani a jikin mata masu lafiya, waɗanda yau ake kira Lactobacillus. Homon ɗin estirojin na sa fatar farji ta tara wani nau'in sitaci, su kuma waɗannan bakteriya su ci abin da ya narke daga gare shi su fitar da sinadari mai tsami. Tsamin nan ne katangar. Yawancin ƙwayoyin da ke kawo matsala ba sa iya yaɗuwa a cikinsa.

A 2011 Jacques Ravel da tawagarsa a Amurka suka binciki mata 396 da ba su da wani koke, suka ga mazauna farji sun kasu gida biyar. A huɗu daga ciki wani nau'in Lactobacillus ne ke riƙe da gari: crispatus, gasseri, iners ko jensenii. A na biyar babu mai rinjaye, taron bakteriya ne iri-iri masu ƙin iska. Crispatus shi ne ya fi tsare gida, iners kuwa mai rauni ne, yana zama lafiya da baƙin da ya kamata ya kora. Wani abin lura a binciken shi ne kusan huɗu cikin goma na baƙaƙen mata suna rukuni na biyar ɗin ne, kuma lafiyarsu ƙalau, ba su da koke. Ke nan mata ba daga wuri ɗaya suke tashi ba ranar da aka saka musu roba. Wata katangarta a tsaye take, wata kuwa dama da ɗan tsagu.

In Lactobacillus suka ja baya, sai wata bakteriya mai suna Gardnerella ta samu fili. Gardner da Dukes ne suka danganta ta da wannan ciwo a 1955. Ba ita kaɗai ba ce, tana tafe da su Prevotella, Sneathia, Mobiluncus da Fannyhessea. Suna manne wa bangon farji su gina wata shimfiɗa mai yauƙi su ɓuya a ciki, kamar gansakukar da ke kama bangon rijiya: a kwashe ruwan duka a zuba sabo, ita tana nan. Shi ya sa magani ke kashe na sama ya bar na ƙasa. Ƙarnin kuma daga sinadaran da suke fitarwa ne, waɗanda ke tashi sama da zarar tsami ya ragu. Maniyyi da jini duka ba su da tsami, pH ɗinsu ya haura 7, don haka warin ke ƙaruwa daidai lokutan nan biyu da matar ta ambata.

Shin robar ce ta jawo?

Da yawa cikin ma'aikatan lafiya za su ce mata a'a kai tsaye, roba ba ta kawo ciwon sanyi, ki sha magani ki tafi. Niyyar mai kyau ce, ana gudun kada mata su guji hanya mai inganci. Amma amsar ba ta cika gaskiya ba, kuma macen da ta san jikinta kafin roba da bayanta ba za ta yarda ba. Za ta yi shiru ne ta je wani wuri a cire mata.

A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, Sharon Achilles da abokan aikinta sun bi matan da suka fara hanyoyin tazara daban-daban, aka wallafa sakamakon a 2018. Cikin waɗanda suka zaɓi roba mai jan ƙarfe, kashi 27 cikin 100 ne ke da BV ranar farko. Bayan kwana 30 suka zama kashi 35, bayan kwana 90 kashi 40, bayan kwana 180 kashi 49. Matan da suka ɗauki allura ko ashanar hannu (wadda ake dasawa a ƙarƙashin fatar dantse) ba a ga irin wannan hauhawa a wurinsu ba. Wani binciken da ya fito a 2021, wanda ya bi matan Afirka sama da 2,500, ya samu haɗarin BV ya ƙaru da kusan kashi 28 cikin 100 ga masu jan ƙarfe, ƙarin ya daɗe har wata 18, sannan ya koma yadda yake cikin shekara guda bayan an cire.

Ana iya cewa ai matan da ke zaɓar roba dama sun bambanta da sauran. Gwajin ECHO ya rage ƙarfin wannan hujja, domin a cikinsa ƙuri'a ce ta zaɓa wa mata 7,829 hanyar da za su bi, a Afirka ta Kudu, Kenya, Zambiya da Eswatini: allurar wata uku, ko ashanar hannu, ko roba mai jan ƙarfe. Da aka auna samfuran wasu daga cikinsu, waɗanda ƙuri'a ta ba jan ƙarfe sun fi sauran tara bakteriya masu ƙin iska, Lactobacillus ɗinsu kuma ya ragu. Sai dai babban abin da aka shirya gwajin dominsa shi ne kamuwa da ƙanjamau, kuma a nan, kamar yadda aka sanar a 2019, ba a samu wani bambanci mai girma tsakanin hanyoyin uku ba. Wannan na da muhimmanci, saboda BV da kanta an san tana ƙara haɗarin ɗaukar ƙanjamau da kusan kashi 60 cikin 100. Sauyin mazauna farji gaskiya ne, amma bai kai ga robar ta zama ƙofar ƙanjamau fiye da allura ko ashana ba.

Ta wace hanya jan ƙarfen ke yin haka? Bayanin da ya fi zama a hankali shi ne jini. Robar na ƙara yawan jinin al'ada da kusan rabi, tana kuma ƙara kwanakinsa, musamman a watannin farko. Kowace rana ta jini rana ce da tsami ke raguwa. Ga shi kuma Gardnerella na buƙatar sinadarin ƙarfe don ta hayayyafa, jini kuwa cike yake da shi. Ko a jikin macen da ba ta da roba, ana ganin crispatus na raguwa lokacin al'ada sannan ya farfaɗo bayanta. In al'ada ta koma kwana takwas, ga ɗigo a tsakiya, lokacin farfaɗowar ya gajarce. Wani bincike da aka yi a birnin St. Louis na Amurka, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa zubar jini ba bisa ƙa'ida ba a watannin farko, da kuma kasancewar mazaunan dama sun fara karkacewa tun kafin a saka, su ne suka fi hasashen wadda za ta kamu. Akwai kuma zaren, wanda bakteriya kan iya gina shimfiɗarsu a jikinsa.

A lamarin matar nan, komai ya hau layi: jini ya ƙaru, wari ya biyo, ita kuma ta shiga wanke ciki da sabulu, sabulun ya ƙara kashe tsamin da ya rage. Abin da take yi don maganin warin yana cikin abin da ke ciyar da shi. An gaya mata haka a fili, an kuma gaya mata cewa zarginta ga robar yana da tushe.

Batun ruɓewar mahaifa

Tsoron da ƙawarta ta dasa mata ba daga sama ya faɗo ba, yana da tarihi. A 1971 kamfanin A.H. Robins na Amurka ya fara sayar da wata roba mai suna Dalkon Shield. Zarenta ba guda ɗaya ba ne, tarin ƙananan zaruruwa ne a cikin kube, kuma bakteriya na bin tsakankaninsu daga farji su haura cikin mahaifa. Mata sun yi ta kamuwa da mummunan ciwon mara, wasu da suka yi ciki da robar a jikinsu cikin ya ruɓe, wasu suka rasa mahaifa, wasu suka rasa rai. An dakatar da sayar da ita a Amurka a 1974, ƙararraki suka yi wa kamfanin yawa har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa a 1985, kuma abin na cikin dalilan da suka sa Amurka ta yi dokar sa ido kan kayan aikin likita a 1976. Robobin yau kowane zarensu sili ɗaya ne sumul, ba rami a cikinsa. Amma sunan da Dalkon Shield ta ɓata ya shafi duk danginta har yau.

Lissafin da ya gyara fahimtar likitoci ya fito a 1992, lokacin da Farley da abokan aikinsa suka tattara bayanan gwaje-gwajen Hukumar Lafiya ta Duniya kan saka roba sau 22,908. Ciwon da ke hawa mahaifa da bututun ƙwai ya kama kimanin mace 1.6 cikin 1,000 a shekara. Abin da ya fi jan hankali shi ne lokacin da yake zuwa: haɗarin ya ninka fiye da sau shida a kwana 20 na farko bayan sakawa, daga nan ya sauka ya zauna ƙasa tsawon shekaru. Ma'ana, ba zaman robar a mahaifa ne matsalar ba, shigarta ce. Bututun da ake tura ta da shi yana ratsa bakin mahaifa, kuma duk abin da ke zaune a wurin zai iya samun rakiya zuwa ciki. Mafi yawan lokaci mahaifa na share waɗannan baƙi da kanta. In kuwa akwai gonoriya ko kilamidiya a bakin mahaifar ranar sakawa, haɗarin ya fi yawa, ko da yake ko a nan ma mafi yawan matan ba sa kamuwa.

Game da toshewar bututu, David Hubacher ya yi bincike a Meziko kan matan da ba su taɓa yin ciki ba, aka wallafa a 2001. Amfani da roba mai jan ƙarfe a baya bai ƙara haɗarin toshewar bututu ba. Abin da ya fito da alaƙa da toshewar shi ne alamar tsohuwar kilamidiya a jini, cutar da kan zauna shiru ba tare da mace ta san tana da ita ba.

A kan haka ne ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsaya. Ba a saka roba ga macen da ke da ciwon mahaifa a lokacin, ko mugunya a bakin mahaifa, ko gonoriya ko kilamidiya da ba a yi magani ba, ko wadda ta kamu da zazzaɓin bayan haihuwa. BV kuwa ba ta hana sakawa, ba ta kuma tilasta cirewa. Hatta macen da ciwon ya hau mata sama alhali tana da roba, ana fara ba ta magani ne da robar a ciki, a sake duba ta bayan kwana biyu zuwa uku, sai in ba sauƙi a yi batun cirewa. An ma gwada ba mata maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin sakawa, a Kenya da Nijeriya da Amurka, aka ga ribar ba ta taka kara ta karya ba, domin ciwon dama ba shi da yawa. Abin da ya fi amfani shi ne tambaya da awo kafin sakawa, da tsabtar hannu da kayan aiki.

Matarmu ta wuce kwana 20 ɗin nan da wata huɗu da ɗoriya, ba zafi a mara, ba gonoriya, ba kilamidiya. Da aka zana mata hoton farji da bakin mahaifa da bututun ƙwai a takarda, aka nuna mata inda ciwonta ya tsaya, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, “To in dai ba zai hana ni haihuwa ba, a bar shi mu gani.”

Magani, da dawowar ciwo

An ba ta metronidazol, miligiram 500 sau biyu a rana har kwana bakwai, aka gargaɗe ta cewa zai sa mata ɗaci-ɗaci kamar na ƙarfe a baki, kada ta daina a tsakiya. An ce ta bar wanke ciki gaba ɗaya, ruwa a waje ya wadatar. An haɗa mata da maganin ƙarin jini, da ibuprofen da za ta riƙa sha a kwanakin al'ada don rage zubar. Cikin mako guda warin ya ɗauke.

Bayan wata biyu da rabi ya dawo, kwana kaɗan da gama al'ada. Wannan ba abin mamaki ba ne ko ga wadda ba ta da roba: wani bincike a Ostireliya ya nuna fiye da rabin matan da aka yi wa maganin BV ciwon na dawo musu cikin shekara guda. An sake awo maimakon a ɗauka cewa tsohon ciwon ne, domin bayan metronidazol kandida kan samu fili, kuma maganinsu daban. BV ce dai. Aka ba ta man kilindamaisin na matsi na kwana bakwai, tare da bayanin cewa man na raunana kwaroron roba. Aka ƙara mata tranexamic acid don jinin, wanda ya rage yawansa amma bai rage kwanakin sosai ba.

A tsakanin nan ne sakamakon gwajin bakin mahaifa da ta yi na neman alamun kansa ya fito, ba alamar kansa, amma an rubuta cewa an ga ƙwayoyi masu kama da Actinomyces. Ta shigo da takardar a hannu, ido ya raina fata. Wannan rubutu na fitowa a takardar kimanin mace 7 cikin 100 masu roba, kuma ƙwayar na zama a jikin mutane lafiya lau, a baki da hanji. Takan yi mummunan ƙurji a mara, amma da wuya ƙwarai, kuma da ciwo da rama da zazzaɓi yake zuwa. Macen da ba ta jin komai ba a ba ta magani, ba a cire mata roba saboda shi. An bar maganar a nan.

Dawowa ta uku ita ce ta sauya lissafi. Wata goma sha ɗaya ke nan da saka robar, ta ce ta fara guje wa maigidanta saboda kunya, shi kuma ya fara zargin ko wani abu ne. A ganina a nan ne ya kamata likita ya daina kare robar. BV ba ta kisa, kuma a takarda ba dalilin cirewa ba ce, amma macen da ke shan magani duk bayan wata biyu, jininta na ƙasa, zaman aurenta na tsami, ta biya farashin da ya wuce abin da aka yi mata alkawari ranar sakawa. Ƙa'ida ta ce ana iya barin robar. Ba ta ce dole a bar ta ba.

An shimfiɗa mata zaɓi. Za ta iya riƙe robar ta riƙa matsa man metronidazol sau biyu a mako na wata huɗu zuwa shida, wanda ke danne ciwon muddin ana yi, amma sau da yawa yana dawowa in an daina. Za ta iya komawa ashanar hannu. Ko kuma a musanya mata da roba mai homon, irin su Mirena, wadda ke ɗauke da miligiram 52 na levonojestirel tana sakinsa kaɗan-kaɗan a cikin mahaifa. Wannan tana rage jinin al'ada ƙwarai, har kusan mace ɗaya cikin biyar kan daina ganinsa bayan shekara, kuma homon ɗin da ke shiga jini kaɗan ne in aka gwada da allurar da ta guda. An faɗa mata aibinta ma: watanni uku zuwa shida na farko ɗigon jini kan yi yawa, don haka ciwon na iya leƙowa kafin abubuwa su daidaita.

Sai batun maigida. Shekara da shekaru ana koyar da cewa ba a yi wa miji maganin BV, saboda gwaje-gwajen baya ba su nuna amfani ba. A watan Maris na 2025 wata tawaga a Ostireliya, ƙarƙashin Lenka Vodstrcil da Catriona Bradshaw, ta wallafa gwajin da ta yi kan mata da abokan zamansu 164. An ba kusan rabin mazan metronidazol na sha tare da man kilindamaisin na shafawa a gaba, kwana bakwai, lokaci guda da matan. Cikin mako 12, ciwon ya dawo wa kashi 35 cikin 100 na matan da aka yi wa mazansu magani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 63. Bambancin ya yi girman da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Bakteriyar na zama a fatar gaban namiji da cikin bututun fitsarinsa ba tare da ta dame shi ba, sai ta koma inda ta fito. Isar da wannan magana ga miji na buƙatar dabara, domin da ya ji an ce ya sha magani abin da zai fara zuwa ransa shi ne ana tuhumar wani da cin amana. An kira shi tare da ita, aka yi masa bayani cewa ba gonoriya ba ce, ba shaidar kowa ya fita waje ba ce, ƙwayoyi ne da ma'aurata ke musaya a tsakaninsu. Ya yi tambaya ɗaya, ko man na da zafi, sannan ya karɓa.

Ta zaɓi roba mai homon. An fara yi musu magani su biyu, suka ƙaurace wa juna har suka gama, aka sake gwajin gonoriya da kilamidiya, sannan a zama ɗaya aka zare mai jan ƙarfen aka saka sabuwar. An tuna mata cewa sabon sakawa na nufin sabbin kwana 20 na lura: in ta ji ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ruwa mai mugunya, ko zafi lokacin saduwa, ta zo a ranar, kada ta jira ranar da aka rubuta mata. Ba ɗaya da ya faru.

A wata na uku, lokacin da ɗigon jini ya fi damunta, warin ya ɗan dawo, pH ya koma 5, aka yi mata magani na kwana bakwai. Daga wata na biyar al'adarta ta koma ɗigon kwana biyu. A wata na shida da na goma sha biyu an auna, pH 4.2 da 4.0, ƙidayar Nugent 3 sannan 2, dogayen bakteriyar Döderlein sun cika madubi, himogulobin ya hau 12.6.

Abubuwa uku aka sauya kusan lokaci guda, jan ƙarfe ya fita, jini ya ragu, an yi wa miji magani, ga kuma sabulun da ta bari tun farko. Don haka lamarinta ba hujja ba ne cewa duk mai BV ta cire jan ƙarfe, kuma mata da yawa na ɗauke da shi shekara goma ba su taɓa jin wari ba. Abin da aka rubuta a katinta shi ne a sake awo in alama ta dawo maimakon a ba ta magani da ka, a haɗa da maigidan in BV ce, sannan ta zo a cire robar duk lokacin da suka shirya neman ciki na huɗu, wanda ta ce sai ƙaramin ya shiga makaranta.